Shekarar da Aka Sa Ƙanena a Turu

Na tsufa ina saye da sayar da dabbobi, daga jakai har shanu, kuma ban taɓa ganin makiyayin da ya ce maraƙinsa ya haukace don ya fara tunkuyi ba. Kowa ya san lokacinsa ne ya zo. A ƙara masa tsawon igiya, a kauce daga gaban ƙahonsa, a hankali zai natsu. Wannan uzurin da muke yi wa dabba, shi aka kasa yi wa ƙanena a ƙauyenmu, can ƙasar Batsari, ba nisa da Wagini, a zamanin mulkin Turawa.

Ni ne ɗan fari a gidanmu. A lokacin ina da jakai biyu, ina sayen gero da wake a kasuwar Batsari in kai wajen Safana, in dawo da fatu da man shanu. Ƙanena shi ne autan maza. Yana ƙarami babu yaron da ya kai shi farin jini a unguwa. Matan aure ba sa fita, shi ne ƙafarsu: ya kai wa wannan zarenta wurin masaƙi, ya karɓo wa waccan auduga, ya faɗa musu labarin kasuwa yana kwaikwayon muryar mahauta suna dariya har da riƙe ciki. Ba gidan da ba ya shiga. Ba tukunyar da ba a ajiye masa ƙanzonta.

Sai damina ɗaya ta zo ya miƙe kamar dawa. Wandonsa ya ɗage, ƙuraje suka fito masa a goshi, muryarsa ta fara fashewa: ya soma magana da kauri, tsakiyar kalma ta tsinke ta koma siririya. Wata rana bayan la'asar ina ɗaure jakai na ga ya nufi gidan maƙwabcinmu da ƙullin auduga a hannu. Maigidan na zaune a zaure, ya miƙe ƙafa ya tare ƙofa.

"Kai, ina za ka?"

"Ciki, Baba. Saƙon Inna na kawo."

"Wace Inna? Dubi ƙafarka, ta fi tawa. Aje nan. Daga yau iyakarka zauren ga."

Jiya-jiya ƙanena ya ci tuwo a tsakar gidan nan. Ya tsaya riƙe da audugar, sannan ya jefar da ita a ƙasa ya ruga bayan gari. Ba a daɗe ba mahaifinmu ya sa aka fitar da tabarmarsa daga cikin gida aka kai zaure. Ba na faɗa da al'adar. Haka aka yi mini, haka na yi wa 'ya'yana. Abin da ke ci mini rai shi ne ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa, ba laifi ka yi ba, girma ne. Kawai ya wayi gari ya ga duk ƙofofin da ya sani sun rufe, ya ɗauka ƙinsa aka fara yi.

Daga nan ya zama kamar busasshiyar ciyawa kusa da murhu. A ce masa "sannu" da wata irin murya, ya ji zagi. A kalle shi, ya ce ana masa dariya. Ya karya ƙotar fartanya don ƙanwarmu ta kwaikwayi maganarsa, sannan ya zauna gindin rumbu yana kuka kamar an yi mutuwa, can an jima kuma ka ji shi yana waƙa yana ba akuya dusa. Abin da bai kai a ɗaga kai ba, shi sai ya kwana da shi ya tashi da shi. Na taɓa tambayarsa a hanyar gona, na ce mi ke damunka? Ya ce, "Yaya, wallahi ban sani ba. Tasowa yake kamar tukunya ta tafasa. Kafin in ce kada, ya riga ya zuba. In ya wuce kuma kunya ta kama ni, in ji kamar in nutse."

Wanda ya iya faɗin haka game da kansa, ku gaya mini, mahaukaci ne?

Mahaifinmu ba mugu ba ne, manomi ne mai kunyar mutane. Maganinsa ɗaya: "Namiji ba ya kuka. Mu da muka yi tamu ƙuruciyar ba mu yi wannan sakarci ba." Kakarmu, mahaifiyarsa, ita kaɗai ba ta ɗauki abin da zafi ba. Da ma tsakaninta da ƙanena wasan jika ne, mijinta take kiransa. In ya shigo ɗakinta fuska a kumbure sai ta ce, "Maigidana, yau kuma wa ya taɓa mini kai? Zo zauna. Zakara ne ke koyon cara, dole murya ta saɓa." Ya ce, "Ke tsohuwar nan, na sake ki." Ta ce, "Da wace muryar? Ta sama ko ta ƙasa?" In wani ne ya faɗa da an yi yaƙi, amma ita sai ya yi dariya ya ci abin da ta ajiye masa. Ita ta gaya mini cewa uban namu da ke cika baki, yana kamar shekarun nan ya fasa mata tulu don ta ce gashin bakinsa kamar na ɓera. Ta ce, "Duk sun bi ta nan, mantuwa ce ta yi musu yawa."

Bayan an gama girbi sai umarni ya zo daga sama cewa kowane gari ya ba da maza don aikin hanyar mota. Aikin tilas ne, ba a tambayar ra'ayinka. A wancan zamani ba wanda ya san shekarunsa, don haka hanyar gane wanda ya isa ɗaya ce: a tara samari a ƙofar mai gari, kowa ya tuɓe riga ya ɗaga hannu. Wanda gashin hammata ya tsiro masa ya zama namiji, aikin hanya ya hau kansa. Jakadan da aka aiko wani dogo ne mai bulala a kafaɗa, mai son a yi dariya in ya yi magana. Ina cikin taron, kusa da mahaifinmu. Na lura ɗan mai gari, sa'an ƙanena ne, ba ya cikin layi. An ce ya tafi gaida kawunsa.

Da aka zo kan ƙanena ya ɗaga hannu, kansa a ƙasa. Da jakadan ya duba ya wuce, da ba abin da zai faru. Sai ya sa yatsu ya kama gashin ya ja.

"Kai, jama'a, ku zo ku gani! Wannan ai har ya isa kitso. Wa ke da mataji?"

Aka fashe da dariya. 'Yan mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya da tulunansu. Ƙanena ya buɗe baki ya ce, "Sake ni," sai muryar ta yaudare shi, ta fito siririya kamar ta ɗan tsako. Dariyar ta ƙaru, har da dattawa. Jakada ya ce, "Af, ashe amarya ce. Sake faɗi mu ji."

Na ga hawaye sun zubo masa, na fara kutsawa cikin mutane, amma ban kai ba. Ya sunkuyar da kai ya tunkuyi jakadan a ciki, mutumin ya faɗi zaune, rawaninsa ya warware. Ƙanena ya fizge bulalar ya jefa kan rufin zaure, sannan ya zube ƙasa yana kuka.

Kowa ya san abin da ke biyo bayan taɓa ɗan aiken hukuma: a tafi da kai, a yi maka bulala a bainar jama'a, watakila a ɗaure ka, kuma garin ma ba zai sha da daɗi ba. Jakada ya tashi yana huci yana cewa a kawo igiya. Nan mahaifinmu ya durƙusa a gabansa, ya faɗi maganar da ta jawo komai.

"Ka yi haƙuri, Jakada. Yaron ga ba shi da hankali. Tun damina iska ta taɓa shi, kowa ya sani."

Mai gari ya yi caraf ya karɓe. "Haka ne. Ba ka ga yadda yake kuka yana shure-shure ba? Mai hankali zai yi haka?" Maƙwabcinmu ya ba da labarin audugar da aka jefar. Wani ya kawo na ƙotar fartanya. Kafin ka ce kwabo, duk wani fushi da kukan da yaron ya yi a shekarar an tattaro an jera a matsayin shaida. Jakada ya gyara rawaninsa ya ce, "To, in mahaukaci ne ku ɗaure abinku. Zan dawo ranar tafiya. In na same shi yana yawo, na san ƙarya kuka yi mini, kuma da ku da shi za ku gane."

Na san mahaifinmu ceto ya yi niyya. Amma ƙaryar da aka yi a gaban hukuma sai an ciyar da ita. A yammacin nan na same shi a bakin rumbu. Ni ɗan fari ne, ba ya kallon idona, ba ma doguwar magana, amma ranar na ajiye kunya.

"Baba, yaron nan lafiyarsa lau. An ci mutuncinsa ne."

"Na sani."

"To kada a kai shi ko'ina."

"Ba inda za a kai shi. Je ka yi harkarka."

Na yarda. Na ɗora wa jakaina kaya na tafi cin kasuwannin wajen Safana. Da na dawo na tarar da tabarmar ƙanena a naɗe a zaure. Kakarmu ce ta gaya mini, tana zaune ta ƙi cin abinci. Ta ce bayan tafiyata mai gari ya matsa, aka ɗauke shi aka kai wurin wani mai maganin mahaukata a wani ƙauye can wajen Tsaskiya. Ta ce, "Na riƙe rigarsa, suka ɓamɓare hannuna. Je ka ɗauko mini mijina."

Ban sauke wa jakai kaya ba sai da na ji ƙarshen labarin, washegari kuma na kama hanya. Gidan mai maganin yana gefen gari, da wata rumfa a baya. A nan na ga turu. Gungumen itace ne aka fafe, a zura ƙafar mutum a tokare ta yadda ba za ta fita ba. Mutum uku ne a rumfar. Biyu daga cikinsu da gaske ba su san inda suke ba, Allah ya ba su lafiya. Na ukun ƙanena ne. An aske masa kai, idon sawunsa ya kumbura, bayansa duk shatar tsumagiya, rumfar na warin wani turare mai shaƙe maƙogwaro.

Mai maganin ya karɓe ni da fara'a, ya ce aiki na kyau. Ya bayyana mini yadda yake yi, yana alfahari. Kullum da safe sai ya tsokani yaron, ya zage shi, ya kwaikwayi muryarsa. In ya yi fushi, iskar na nan, a yi mata tsumagiya. In ya yi kuka, iskar ce ke kuka, a yi mata hayaƙi. Ya ce, "Da farko kullum sai mun yi. Yanzu dubi." Ya juya ya ce wa ƙanena, "Kai, amarya, ɗaga hannu mu gani." Ƙanena ya ɗaga hannu. Fuskarsa ba ta motsa ba. Mai maganin ya ce, "Ka gani? Saura kaɗan."

Na durƙusa kusa da shi na ce, "Ni ne." Ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya," a hankali, yana auna kowace kalma kada muryar ta tsinke. Bai ce in fitar da shi ba. Wannan ya fi shatar bayansa yi mini ciwo.

Na so in ɗauki gatari in fasa gungumen. Amma na san in na yi haka jakada zai dawo ya same shi a sake, a tafi da shi da ubanmu. Mai maganin kuma ya ce wanda ya kawo shi ne kaɗai zai ce a sake shi, wato mai gari. Kasuwa ta koya mini cewa ba a roƙon mutum ya bar abin da ke hannunsa. Nuna masa ake yi cewa riƙon zai fi sakin tsada. Na koma gida ina tunani a hanya.

Na sami mai gari a zaurensa da safe, na faɗi na yi gaisuwa yadda ta kamata, na tambayi iyali, na tambayi ɗansa da ya je gaida kawu, ko ya dawo lafiya. Ya ce ya dawo.

"Madalla, ranka ya daɗe. Da ma tunani nake, ranar tafiya ta matso. An ce garinmu ya ba da maza kaza, an sa ƙanena a ciki. Yanzu ga shi mahaukaci ne, ba a kai mahaukaci aikin hanya. Ke nan akwai gurbi."

Ya ce, "Za a samu wani."

"Za a samu, ranka ya daɗe. Jakada zai ce a sake tara samarin da bai gani ba, su ɗaga hannu. Ni dai ban san mi ke hammatar kowa ba, amma yaronka tare aka yi musu kaciya da ƙanena."

Ya ce, "Kai ɗan wane, tsoro kake ba ni?"

"Wane ni. Ciniki na kawo. A ce magani ya ci, yaro ya warke, ya zo ya ba jakada haƙuri. Ya cike gurbinsa. Ni kuma in bi shi da jakaina biyu, mu yi ta ɗaukar marmara har a gama. Jakada ya zo neman mutum ɗaya, ya samu biyu da jakai. Kai ka cika adadinka. Mai magani ya samu suna. Ban ga wanda ya faɗi ba."

"Kai fa? Kasuwarka ta rani?"

"Wannan tawa ce, ranka ya daɗe."

Ya aika wa mai maganin a ranar. Da aka cire ƙafar ƙanena daga turu bai iya tsayuwa ba, a kan jaki na kawo shi. Ranar tafiya ya durƙusa gaban mutumin da ya ja masa gashi a gaban 'yan mata, ya ce ya tuba. Jakada ya dubi jakaina, ya taɓa cinyar ɗaya, ya ce ya yafe. Ba wanda ya ce wa jakada shi ma ya ba da haƙuri. Mutane suna ta cewa, kai, mai maganin nan ya iya aiki, dubi yadda yaro ya yi sanyi.

Mun yi ranin nan muna haƙar marmara muna zubawa. Ƙanena yana aiki kamar babba, ba ya gardama, ba ya waƙa. A zage shi, shiru. A ba shi labarin ban dariya, shiru. Na yi ta ƙoƙari in ga ko da fushi ne ya yi mini, na kasa. Sai wata rana da hantsi, babban jakina, wanda ya fi kowa taurin kai, ya ga mai duba aiki ya sunkuya yana auna gefen hanya, ya je ya kwanta da mangalarsa a daidai inda aka gama daidaitawa, ya yi birgima, ƙafafu sama. Dariya ta kuɓuce wa ƙanena, ta fito da kauri ta ƙare siririya. Nan take ya toshe bakinsa da hannu biyu, ya waiga hagu da dama, ya ɗaga kafaɗa kamar mai jiran tsumagiya.

Na ja shi bayan tarin ƙasa na ce, "Yi abinka. Ba mai taɓa ka. Kuma ka ji in gaya maka abin da ya kamata a gaya maka tun damina: ba iska a jikinka. Girma ne. Na yi, Baba ya yi, har tulu ya fasa. Zai wuce."

Ya ce, "Baba ya fasa tulu?"

Na ce, "Tambayi matarka in mun koma."

Sai ya yi kuka, mai yawa, na tsaya na tare shi da jikina kada a gani. Wannan ne kuka na ƙarshe da na ga ya yi.

Muryarsa ta zauna kafin mu dawo gida, ƙurajen suka baje, zafin ran ya tafi da kansa kamar yadda yake tafiya ga kowa. Sunan mahaukaci ma ya bi ruwa, don mutanen aikin hanya sun shaide shi. Ya yi aure, ya yi noma, ya haifi 'ya'ya. Amma yaron da ke kwaikwayon mahauta bai dawo ba. Ranar da muka iso kakarmu ta fito har zaure da sandarta, ta ce, "Maigidana, ka tafi ka bar ni ba ko cefane, na kai ƙara." Ya durƙusa ya ce, "Ina wuni, Kaka. Mun same ku lafiya?" Ta dube shi, ta dube ni, ta juya ta koma ciki.

Har ya rasu mutane na yabonsa. Wane akwai haƙuri, wane ba a taɓa jin muryarsa ba, ko da aka binne ɗansa bai zubar da hawaye ba. In suna faɗi sai in tashi in bar wurin. Ni na san inda aka sassaƙa wannan haƙurin, na ga gungumen da idona.

'Ya'yana maza duk sun bi ta wannan shekarar, kowa da irin haukansa. Ɗaya ya yi wata guda ba ya yi mini magana don na ce hularsa ta karkace. Duk wanda na ji muryarsa ta fara fashewa, nakan ba shi igiyar jaki in ce ya raka ni kasuwa mai nisa, a hanya in gaya masa abin da ke zuwa, in ba shi labarin tulun kakansa. In ya yi fushi in ƙara masa igiya. In ya yi kuka in dubi wani wajen har ya gama.